Jan Ƙwan Ɗakin Kaka

Har yau idan zancen ya tashi a unguwarmu, sai ka ji an ce ƙwan lantarkin gwamnati ne ya so ya shanye jinin ɗan yayata. Wasu su ce a'a, mutanen ɓoye ne suka fusata don an taɓa musu ɗaki. Akwai ma masu rantsuwa da gangan aka raba ƙwayayen don a rage mana haihuwa. Duk ba haka ba ne. Ƙwan nan bai sha jinin kowa ba, ko wutar kirki ma ba ya sha. Ni na hau kujera na kwance tsohon da hannuna, ni na ɗaura sabon. Idan mai laifi ake nema, ba sai an je da nisa ba.

Gidanmu yana unguwar Congo-Russia a Jos, tsohon gida ne tun zamanin haƙar kuza. A can ƙurya, bayan madafa, akwai wani ɗan ɗaki da ba shi da taga. A da yana da ita, Kaka ce ta sa aka toshe da bulo tun kafin a haife ni. Kaka mahaifiyar Baba ce, kuma ita ce ungozomar layinmu da layukan baya. Abin da aka fi saninta da shi shi ne rainon bakwaini. Idan mace ta haihu wata bai cika ba, asibiti suka gama nasu suka sallame ta, to ɗakin Kaka ake kawo ta da jaririn su yi arba'in.

Babu komai a ɗakin sai gadon ƙarfe na mai jego, da wani akwatin katako mai zurfi, wanda Kaka ta ce na kayan injin kamfanin kuza ne. A cikinsa ake kwantar da jariri. Saman akwatin kuma ƙwan lantarki ne guda ɗaya, irin ja ɗin nan na da. Ba a manne yake da rufi ba. An ɗaure wayarsa da wata igiya da ta bi ta kan azara ta sauko jikin bango, an yi mata ƙulli uku, ana maƙala wanda aka ga dama a jikin ƙusa. Ƙullin farko ƙwan yana can sama. Na uku kuwa sai ya sauko dab da bakin akwatin.

Kaka tana da dokoki, kuma ba ta maimaita magana. Ba a kashe ƙwan nan, dare da rana, in dai akwai jariri. Ba a shiga da garwashi ko turaren wuta. Ba a barin ƙofa a buɗe, bargo ne ma labulenta. In an ɗauke wuta, nan take uwa za ta ɗauki ɗanta tsirara ta sa shi cikin rigarta, fata da fata, ta ɗaure da zane har sai an kawo. Duk wanda ya tambayi dalili amsa ɗaya yake samu.

"Saboda su."

Ba ta taɓa faɗin su waye ba. Mutane ne suka cike sauran da kansu: wai aljanu suna son bakwaini don bai gama zama mutum ba, haske ne ke korarsu, in duhu ya yi sai a ɓoye musu shi a riga. Ƙullin igiyar kuma aka ce tofi ne a ciki. Yara ba sa bi ta ƙofar ɗakin ko da rana. Ni tun ina aji uku na sakandare na daina yarda, na kuma faɗa mata ido da ido. Ta dube ni ta ce, "To, malama. Je ki sayo mini ƙwan lantarki. Mai ɗari, kada ki kawo mini mai sittin."

Kaka ta rasu shekarar da na rubuta jarrabawar fita sakandare. Aka rufe ɗakin, aka kashe ƙwan, ba wanda ya ƙara shiga.

Da damina ta zagayo, yayata ta dawo gida goyon ciki na fari. Ana saura kusan wata biyu naƙuda ta taso mata. Namiji ne. Sun yi kwanaki a asibiti, sannan aka sallame su aka ce a kula kada ya sha sanyi. Da na gan shi na kasa cewa barka. Tsawonsa bai kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsuna ba, kunnuwansa a naɗe kamar ganyen da bai buɗe ba, kukansa kuwa sai ka kasa kunne za ka ji. Mama ba ta yi shawara da kowa ba. Ta buɗe ɗakin Kaka, ta share, ta shanya katifa, ta kunna ƙwan. Igiyar tana ƙulli na biyu yadda Kaka ta bar ta. Mama ta bi dokokin ɗaya bayan ɗaya kamar mai biya karatu. Kwana biyar yaro yana kama nono, yana motsa ƙafa, har Baba ya fara zancen ragon suna da aka ɗage.

Lokacin kuwa Agusta ne. Wanda bai yi Agusta a Jos ba zai ɗauka sanyi sai a ƙarshen shekara. Yayyafi ake yi sati guda ba ƙaƙƙautawa, bango ya jiƙe, wanki ya kwana uku a igiya yana wari, ka taka siminti ba takalmi ka ji shi har haƙoranka.

Wuta kuma a shekarun nan abin haushi ce. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone, masu ɗinki da masu firji da masu walda da yawa suka dawo da sana'arsu cikin unguwa. Gidaje suka ƙaru, kowa da hita da dutsen guga, taransifoma kuwa ɗaya ce tun ta da. Da magariba ta yi sai ka ga ƙwai ya koma kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ko kuma ka ji dum, layi uku sun yi duhu. Shi ya sa ranar da motar ta zo na yi murna. Farar a-kori-kura ce cike da kwalaye, da ma'aikata uku cikin rigunan ruwa, da mai unguwa yana gaba da lema. Suka ce gwamnati ce ta aiko. Duk gidan da ya ba da tsohon ƙwai za a ba shi sabo kyauta, fari, mai lanƙwasa kamar hanjin kaza. Babban cikinsu ya ɗaga ɗaya ya ce wutar da jan ƙwai guda ke sha ta ishi irin wannan da yawa, in kowa ya canza taransifoma za ta huta. Gaskiya ya faɗa, har yanzu ban ƙaryata shi ba. Tsofaffin kuma a cikin wani durom suke jefa su, wani yana bi da taɓarya yana farfasawa, don kada a mayar da su. Mai shagon bakin layi ma kwalayen jan ƙwan da yake sayarwa ya kwaso gaba ɗaya, ya rarraba wa 'yan'uwansa suka shiga layi suka canzo masa.

Na kwance na zaure, na tsakar gida, na ɗakin Baba, na ɗakinmu, na banɗaki. Na nufi ƙurya, Mama ta tare ni a bakin madafa.

"Ke, ban da wannan."

"Saboda me?"

"Kin sani."

"Mama, ba haske kuka ce yana korarsu ba? To wannan ya ninka wancan haske. In suna gudun ja, fari ai ko layin nan ba za su shigo ba."

Ta matsa gefe. Na ga maganar ta shige ta, ni kuma na ji daɗin kaina. Ban yarda da aljanun ɗakin ba, amma na ari tsoronta na yi mata dabara da shi. Yaya tana kan gado tana shayarwa, ta ce, "Ki bi a hankali dai, sarkin rawar kai." Na kashe makunni, na hau kujera, na kama ƙwan ya ƙona ni, sai da na naɗe hannuna da gefen zane. Ko a lokacin ban yi tunanin komai ba. Tsaki kawai na yi.

Da na kunna sabon, ɗakin ya zama wani ɗaki daban. Duk tsagar bango ta fito, da tabon hannun Kaka a jikin ƙusa, da yanar da Mama ba ta gani ba. Fuskar Yaya ta yi toka-toka. Jaririn da ke da ja-ja ɗazu ya koma launin sabulun wanki. Mama ta ce, "Kai, hasken nan kamar na ɗakin ajiye gawa." Na ce sabo ne, za ta saba.

Washegari yaro ya rage kama nono. Ya tsotsa sau biyu ya saki. Rana ta biyu kukan ma ya ɗauke. Aka ƙara masa hula a kan hula, safa biyu, rigar sanyi, shawul, bargo, har sai ka tona kafin ka ga hancinsa. In ka sa yatsa a tafin ƙafarsa sai ka ji kamar ka taɓa randa. Yaya ta daina magana. Zama kawai take a bakin gado tana kallon cikin akwatin, tana ƙirga numfashinsa da leɓɓanta.

Goggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Daɗin Kowa da jakarta ta tare. Ita ce ta fara lura da abin da ya tayar wa kowa da hankali. In an ɗauke wuta, aka sa yaron a rigar uwarsa, kafin awa ɗaya sai ya fara mutsu-mutsu, ya nemi nono, launinsa ya dawo. In an kawo wuta, aka mayar da shi akwati ƙarƙashin farin ƙwai, sai ya yi laƙwas, leɓɓansa su yi duhu. Na so in musa, amma da idona na gani har sau uku. Muka koma gidan da ake addu'ar a ɗauke wuta. Yaran layi suna ihun murna an kawo, mu gabanmu yana faɗuwa.

"Shan jininsa yake yi," in ji Goggo. "Ku dubi launin hasken ma. Wannan hasken mutane ne?"

"Goggo, gilashi ne fa da waya."

"Ke rufe mini baki. Da bokonki kika je kika ba su ƙwan da tsohuwa ta yi wa tofi suka daka a turmi. Yanzu ko sabon ja aka sayo ba shi ba ne. Wancan ne mai abin, kuma ya tafi."

Wannan magana ce ta sa ba wanda ya yi tunanin sayo wani. Baba ya karɓo rubutu, aka shafa wa yaro, aka yayyafa a kusurwoyi. Goggo ta ce a kashe ƙwan a gani. Da azahar ne, amma ɗakin nan in an saki bargon ƙofa ba ka ganin tafin hannunka. Mu huɗu ne a ciki. Na danna makunnin da kaina, duhu ya rufe mu, muka tsaya ba mai motsi, ana jin yayyafi a kan kwano.

Sai ƙwan ya ƙifta.

Walƙiya ɗaya, fara, ba ƙara. Na ga fuskar Mama da bakinta a buɗe, duhu ya dawo. Na lalubi makunnin, yana a kashe. Na ƙirga a zuciyata, ɗaya, biyu, har bakwai. Ya sake ƙiftawa. A wannan karon inuwar igiyar na gani a bango, da ƙullinta uku, kamar mutum ya ɗaga hannu. Goggo ta fara salati ƙasa-ƙasa ta yi waje da baya. Ni da ke cika baki, sai ga ni na riƙe hannun Mama gam. Daga baya wani mai gyaran wuta ya ce mini tun asali a juye aka haɗa wayar ɗakin, makunnin ba ya yanke wuta gaba ɗaya, irin waɗannan fararen kuma ɗan abin da ya zubo musu sai su tara su yi walƙiya. Na yarda da shi. Amma ranar babu mai gyaran wuta a ɗakin. Mama ta ce da ƙifce-ƙifcen nan gara a bi dokar Kaka, ta kunna, aka mayar da yaro akwati.

Da safe na kai wa Yaya kunun kanwa, na tarar ƙwan ya sauko. Igiyar tana ƙulli na uku, farin ƙwan yana lilo a hankali dab da bakin akwatin, haskensa tar a fuskar yaron. Na ce, "Yaya, wa ya sauke wannan?" Ta ce ba ita ba ce, ta ɗan runtsa bayan asuba. Na tambayi Mama, ta ce ita ko ƙusar ba ta taɓawa. Goggo kuwa tun jiya ba ta ƙara taka ɗakin ba. Na mayar da shi ƙulli na biyu, na matse sosai a jikin ƙusa, na ja na tabbatar ba zai zame ba.

Bayan azahar na dawo da kwanon tuwo. Yana na uku.

Yaya tana zaune tana fuskantar akwatin, bayanta ga bangon da ƙusar take. Ta ce ba wanda ya shigo. Ta faɗa ba tare da ta juyo ba, kamar wadda abin ya daina dame ta. Na ajiye kwanon, tsigar jikina a tashe, amma haushi ya fi tsoron yawa. Na tsaya ina kallon ƙwan ina cewa a raina, ko ma wane ne ke sauke shi, me yake so? In haske ne, ai daga sama ma ya cika ɗakin. Me ake nema a kusa wanda babu shi a nesa?

Na miƙa hannu na kama shi. Yana kunne tun jiya, amma na riƙe shi a tafina kamar kofin shayin da aka manta. Na dubi yatsuna, inda jan ƙwan ya ƙona ni kwana huɗu da suka wuce, fatar har ta fara saɓulewa. Na cusa hannu cikin akwatin, ƙarƙashin bargon. Katakon sanyi ƙalau. A da in ka sa hannu a akwatin nan ji kake kamar ka shiga hammatar mutum.

Mai ɗari, kada ki kawo mini mai sittin.

Mai wat ɗari ya fi mai sittin zafi. Taga a toshe. Bargo a ƙofa. Fata da fata in wuta ta tafi. Ƙulli uku, na kwanakin farko da na tsakiya da na ƙarshe, ko na ranar da sanyi ya tsananta. Garwashi kuma a ɗakin da ba taga, ai hayaƙinsa ne zai kashe jariri kafin sanyi. Duk rayuwarta tsohuwar nan ɗumi take tarawa a akwati, mu muna cewa aljanu take kora. Tsummokaran da muka lafta masa kuwa ba sa kawo zafi, wanda ke jikin mutum suke riƙewa, shi kuma ba shi da na kansa.

Na ce, "Yaya, cire masa kayan nan ki sa shi a rigarki."

"Ai akwai wuta."

"Na ce ki sa shi. Kada ki fitar da shi ko wa ya ce."

Ta dube ni, ta dubi ƙwan, ta fara kwance shawul.

Na fita da gudu ba lema. Mai shagon bakin layi ya ce ko ɗaya ba shi da shi, ya nuna mini fararen a jere yana murmushi. Ranar Lahadi ce, masu kayan wuta na Terminus yawancinsu suna coci, shagunan a rufe. Na shiga gida biyar a layinmu, duk fari. Ina tsaye a ruwa sai na tuna ranar da motar ta zo, akwai mace ɗaya da ta tsaya a ƙofarta ta ce ba za ta bayar ba, har ma'aikatan suka yi mata dariya. Madam mai kaji, a tsallaken kwata.

Kwatar nan a bayan gidanmu take, taki uku ne faɗinta. Tun rikicin addinin da aka yi ta zama iyaka ba tare da kowa ya faɗa ba. Ina yarinya ina tsallakawa sayen ƙwai na ci, amma na yi shekaru ban taka can ba. Na ɗage zane na bi ta kan katakon da aka gicciya mata. Layin shiru, sai waƙar coci daga nesa, da wani kare da ya bi ni da ido. Na buga ƙofar langa-langa. Ta buɗe da kayan cocinta a jiki, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Jikan Mama ungozoma ne, ko? Me ya faru?"

Na faɗa mata a tsaye, a birkice. Ba ta bari na ƙarasa ba.

"Kai ne ka cire ƙwan? A ɗakin Mama?" Ta riƙe haɓa. "Yarinya, ko ɗan tsako ka sa masa farin nan, kwana biyu ya mutu. Shigo."

Ta kai ni ɗakin kajinta. Jajayen ƙwayaye huɗu a rataye ƙasa-ƙasa, 'yan tsaki sun taru a ƙarƙashinsu kamar auduga, ɗumi ya bugi fuskata. Ta naɗe hannu da tsumma ta kwance ɗaya, ta ɗauko wani sabo a kwali ta haɗa mini.

"Yarona na biyu, wanda yana Legas yanzu, a akwatin nan ya yi kwana arba'in. Wurin Mama na koyi wannan na kaji. Na tambaye shi, Mama, mene ne asirin? Ya yi dariya ya ce, ke kina da hankali, taɓa ki ji."

"To me ya sa mu ba ta faɗa mana ba?"

"Ka tambayi mutanen gidanku." Ta tura ni waje. "Yi sauri. In ya warke ka zo ka gaya mini."

Na ɗaura jan ƙwan, farin kuma na kai shi madafa inda yake da amfani. Ɗakin ya koma launin da na sani. Na bar igiyar a ƙulli na uku yadda na same ta, na jira har katakon ya yi ɗumi, ina gwadawa da bayan hannuna kada ya yi yawa. Yaron dai bai bar ƙirjin uwarsa ba sai in za ta yi wanka ko ta ci abinci. Kafin la'asar ya kama nono. Da magariba ya yi kuka, kuka na gaske, mai ban haushi, har Baba ya taso daga zaure ba takalmi. Yaya ta sunkuyar da kai a kansa, kafaɗunta suna rawa. Washegari muka mayar da shi asibiti aka duba shi. Nas ɗin ta ce mu ci gaba da sa shi a ƙirji, shi ne ya fi komai, ta kuma yi mana faɗa sosai da ba mu zo tun ranar da ya saki nono ba. Ta yi daidai.

Na tara su a tsakar gida na yi musu bayani dalla-dalla, na sa kowa ya taɓa farin ya kuma matso da hannu kusa da jan. Mama ta yi ta jinjina kai. Goggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta tashi ta shiga madafa. Can sai ga ta da kasko cike da garwashi jajur, ta nufi ƙurya.

"Goggo, ina za ki da wannan?"

"Ba ke kika ce sanyi ne ba? In dai sanyi ne kawai, ai ga maganinsa. Mu da muka raini 'ya'ya tara za a koya wa ɗumama ɗaki?"

"Ba taga a ɗakin. Hayaƙin zai shaƙe shi."

"Garwashin ya ruru, ba hayaƙi. Matsa mini."

Na tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwa. Ta matso, zafin kaskon yana dukan cikina. Na sake yi mata bayani, ta sake cewa in matsa, Mama kuma ta tsaya tana kallo don ba ta iya musu da dangin miji. Sai na ji bakina ya ce, "Kaka ta ce ba sa so."

Goggo ta tsaya cak. Ta dubi bargon ƙofar. Ta juya da kaskonta ta koma madafa.

Na daɗe a tsaye a wurin. Na sami amsar tambayar da na yi wa Madam, kuma ba ta yi mini daɗi ba. Kaka ta san mutanenta. Da ta ce sanyi ne, kowa zai zo da nasa wayon. Da ta ce su ne, ba mai gardama. Dabarar ta yi mata aiki shekara da shekaru, ta raya yara da yawa. Amma da ta mutu ta tafi da dalilin ta bar mana tsoron, tsoron kuma bai san bambancin jan ƙwai da fari ba. Da ni da shi muka kusa kashe yaron.

Wutar layinmu ta ɗan gyaru bayan rabon ƙwayayen, wannan ma gaskiya ne, kuma jan ƙwan ɗakin Kaka ya fi ci da ƙarfi tun da sauran gidaje suka rage sha. Batun igiyar ne har yau ban sani ba. Na yi zargin Mama, na yi zargin Yaya cikin magagin barci. Na gwada ƙusar, ba ta sakin ƙulli. Tun da jan ƙwan ya dawo kuma igiyar ba ta ƙara motsi ba, sai ranar da yaron ya cika sati uku, na shiga da niyyar ɗaga ta, na tarar tana na biyu.

Ranar da suka yi arba'in na sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Na yanke shawara zan bi matan da suka taɓa zama a ɗakin nan, na wannan gefen kwata da na wancan, kowace ta gaya mini abin da Kaka ta sa ta yi, in rubuta dokar a hagu, dalilinta a dama, in kafe kwafi a jikin ƙofar inda kowa zai karanta. Wanda na kasa gano dalilinsa zan bar gurbinsa fari, ba zan cike da ƙarya ba. Da Madam zan fara, dama ina da saƙon da zan kai mata. Igiyar kuwa, duk ƙullin da na same ta a kai, a nan zan bar ta.